Firji Biyu a Tseren A-kori-kura

Sanarwa daga ni, shugaban sabon tseren a-kori-kura na Dubai.

Jiya ana tseren gwaji, sai ga wani Kawu Sale da motarsa ta dako daga unguwar Al Qusais, firji biyu a baya, wai a rubuta sunansa.

Mai gadi ya ce, "Habibi, sauke kayan tukuna."

Kawu ya dubi motocin suna wucewa fuu, ya riƙe baki. "Duk wayam suke wannan gudun? Ko katan ɗaya? Allah ya tsare ni da asara!" Ya juya motarsa.

To, ni ba shugaban kowa ba ne. Sunana Habu, ɗan ƙanwar Kawu Sale, ni na rantse masa ana karɓar kowa. Har yanzu bai amsa gaisuwata ba, kuma a ɗakinsa nake kwana.

Jama'a, wa zai raka ni ban haƙuri?