Ƙaramar Bindigar da Muka Zaɓa

Ranar Litinin ce, bayan zaɓe. Na tashi da kiran sallar farko, na hura gawayi, na dama koko. Akwai sauran ƙosan jiya, na ɗumama. Maigidana, Ndagi, yana ƙofar gida yana duba mai da ruwan akori-kurarsa. Kagara za mu je ɗauko masara. Sana'arsa ke nan, ya sayo hatsi a ƙauye ya sayar a Minna.

Gidan haya muke, a Kpakungu. Mai gidan ɗan siyasa ne. Ba ya zaune a ciki, amma ya sa an liƙe hotunan jam'iyyarsa a bangon waje tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya tambaye mu. Ɗakin da ke kallon namu na Maman Ladi ne, 'yar kudancin Kaduna, mijinta direban babbar mota ne, ya yi tafiya. Da safen nan tana bakin rijiya tana yi wa yaranta biyu wanka, suna ta tsala ihu saboda sabulu.

Ƙarfe bakwai na yi wanka. Na ɗaura lalita a ƙuguna, na ɗaura zani a kai, na zura hijabi. A cikin lalitar akwai bindiga. Dole in faɗi yadda ta zo jikina, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba.

Da daminar da ta wuce 'yan fashi suka tare su Ndagi a hanya. Suka kwantar da su a kan kwalta, shi kuma suka sare shi a kafaɗa don ya ɗaga kai. Raunin ya warke, hannun bai koma daidai ba. Tun daga nan nake bin sa kasuwa, ni ke riƙe masa bakin buhu. Tun daga nan kuma ya sa wa ransa sai ya mallaki bindiga. Na ce masa doka ta hana. Ya ce ranar da aka sare shi ina dokar take.

Wani ya yi mana kwatancen wani maƙeri a ƙauye, can bayan Kagara. Tsoho ne, ido ɗaya ya lalace. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera guda uku. Ndagi ya ɗauki babbar, yana juya ta, har fuskarsa ta saki. Maƙerin ya ce, "A ina za ka sa wannan? Shingen farko za su gan ta." Ya ɗauki ta tsakiya ya jefa a aljihun riga, aljihun ya rinjaya gefe guda. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Kamar ka sato doya."

Sai ya dube ni. Ya ce maza ake lalubewa a hanya, shi dai bai taɓa ganin an ɗaga hijabin mace ba. Ya turo mini ƙaramar da yatsa. Tsawonta bai wuce tafin hannuna da kaɗan ba. Ndagi ya ce wannan ai ta wasan yara ce. Maƙerin ya ce ta wasan yara ita ce wadda za ka bari a gida don ta yi maka girma. Na koma bayan zana na sa ta a lalita. Na fito, na zauna, na tashi, na durƙusa. Babu alama. Ndagi ya tambaye ni ko ta yi mini nauyi. Na ce a'a. Ita muka saya.

Muka yi sharaɗi. In muna hanya tana jikina, in wani abu ya taso in miƙa masa. In mun dawo gida ya karɓa ya ɓoye. Ban taɓa koyon harba ta ba, ban ma so ba. Da farko sanyin ƙarfen yana damuna. Daga baya na daina jin ta, kamar ɗankunne.

Wajen bakwai da rabi wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce wa Ndagi gari ba lafiya. Ndagi ya kashe mota ya shigo. Ya ce bari mu ɗan jira mu gani. Ban kwance lalitar ba. A zatona yanzu za mu fita.

Ƙarfe tara muka fara jin hayaniya daga wajen babban titi, irin ta masu kallon ƙwallo daga nesa. Sai baƙin hayaƙi. Sai warin taya. Babura suna wucewa a guje ba fasinja. Ana ta jan ƙofofin shaguna, ƙarfe na bugun ƙarfe. Maman Ladi ta kwashe shanyarta, ban san dalili ba, ita ma na tabbata ba ta sani ba.

Ƙarfe goma dutsen farko ya faɗo a kan kwanonmu. Na biyu ya biyo. Daga nan ba a ƙirgawa. Wani yana busa usur. Na ji gilashi ya tarwatse a waje, na san na motarmu ne. Sai warin fetur ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Sauran mazan gidan sun tafi garuruwansu zaɓe ba su dawo ba. Ndagi ne kaɗai namiji. Ya sa sakata. Ya kife turmi a gindin katangar baya.

"Mata, ku haura!"

Maman Ladi ta hau. Ya miƙa mata jaririn, ya miƙa mata Ladi. Ya juyo kaina. Na ce kai fa.

"Haura! Yaran unguwa ne, sun san ni."

Ya kama ƙafata ya tura ni sama da hannunsa mai lafiya. Akwai fasassun kwalabe a kan katangar, ɗaya ta yanke ni a tafi. Na faɗa cikin kwata ta ɗaya gefen. Silifas ɗina ɗaya ya tsaya a can.

Muka bi lungu da gudu. Mata da yara ko ta ina, wata da tukunya a ka, wata da katifa. Maman Ladi tana goye da jariri, tana jan Ladi, yarinyar tana faɗuwa tana tashi. Shekararta uku. A bakin wani kango na tsaya na ɗora ta a bayana, uwar ta ba ni mayafinta na ɗaure ta. Na yi taku biyu, diddigen yarinyar ya bugi ƙuguna. Ya bugi ƙarfe.

Wallahi sai a lokacin na tuna.

Na juya zan koma. Maman Ladi ta damƙi hijabina ta baya har wuyana ya shaƙe.

"Ina za ki? Kin haukace?"

Lungun da muka fito ya cika da hayaƙi. Na ciro waya, jini ya ɓata madannan, na kira Ndagi. Ya ɗauka. A bayan muryarsa ana dukan ƙofa da wani abu mai nauyi. Na ce tana wurina.  Ya ce ya sani, yanzu ya tuna shi ma. Na ce in kawo.

"Kar ki dawo! Ku je wurin Yaya Fati."

Sai na ji ƙarar sakata, wayar ta yanke. Goma da minti ashirin, haka fuskar wayar ta nuna.

Muka fita bayan gari ta cikin gonaki. Ruwa bai sauka ba tukuna, ƙasa kamar an gasa ta. Na yar da ɗaya silifas ɗin. Ladi ta yi kuka har ta gaji ta yi barci, ƙafarta tana lilo, kowane taku sai ta bugi wurin nan. Ban gyara ta ba. Daga bayanmu ana jin harbi jefi-jefi, ban san na waye ba. Ina ta kiran lambarsa. Tana shiga, ba a ɗauka.

Rana ta kusa tsaka muka ɓulla kan hanyar Bida. Wata tifa mai ɗaukar yashi ta tsaya, bayanta cike da mutane.

Direban ya leƙo ya ce, "Oya, ku hau, ku hau!"

Wasu ɗalibai suka ja mu sama.  Wani dattijo yana ta jan carbi, wata mata kusa da shi tana addu'a da Turanci, gwiwoyinsu a haɗe.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen sojoji.

"Maza, ku sauka! Riga sama!"

Aka jera su a bakin titi. Aka lalube aljihu, aka lalube ƙugu, har hula an cire. An sami 'yar wuƙar fere a aljihun wani manomi, aka sa shi tsallen kwaɗo a rana. Wani soja ya taka taya ya leƙo cikin tifar. Ya dubi hijabina, ya dubi yarinyar da ke bayana, ya dubi hannuna mai jini. 

"Mata ku zauna."

Ya sauka. Maƙerin nan bai yi ƙarya ba. Mun iya zaɓe. Ta ɓoyu wa soja, ta ɓoyu wa kowa, har mu da muka saye ta ta ɓoyu mana.

Ana kiran azahar muka isa Gidan Kwano. Yaya Fati yayar Ndagi ce, tana sayar wa ɗalibai abinci kusa da ƙofar jami'a. Ta gan ni ba takalmi, da 'yar wasu a baya. Ta leƙa bayanmu tana neman wani. Ta ce ina ƙaninta. Na ce yana zuwa. Ta wanke mini hannu da ruwan gishiri, ta ba Maman Ladi da yaranta ɗakin 'ya'yanta. Kafin la'asar wayarsa ta daina shiga. Da yamma rediyo ya ce an sa dokar hana fita.

Talata ba mota ko ɗaya. Na wuni a bakin titi ina duban duk wanda ya taho daga wajen Minna a ƙasa. Farar riga ce a jikinsa ranar, masu farar riga kuwa sun yi yawa.

Laraba mijin Yaya Fati ya samu ya shiga gari. Ya dawo bayan la'asar. Bai shigo gida ba. Ya zauna a kan benci a waje ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Yaya Fati ta leƙa ta gan shi, ta saki ludayin da ke hannunta, ta fara kuka da Nufanci. Ba na jin yaren sosai. Ranar na ji komai.

A ɗakin ajiye gawa na wani asibiti ya same shi. A ranar aka binne shi, don ba ya jira. Ban ga fuskarsa ba.

Daga baya wata maƙwabciya da tagarta ke kallon ƙofarmu ta ba ni labari. Ta ce shi ya buɗe ƙofar da kansa. Ya fito hannu a sama, ɗaya ya fi ɗaya ɗaguwa. Yana cewa 'yan haya ne a ciki, mai gidan ba ya nan. Yana kiran wasu da sunansu. A cikinsu akwai waɗanda suka sha sauke masa buhu, suka sha cin tuwona a ƙofar nan. Ta ce na gaba sun ɗan ja baya. Na baya ba su san shi ba. Dutse ya fara samunsa, sai katako. Waɗanda suka san shi ba su taɓa shi ba, in ji ta, kamar wannan wani abin alheri ne da za ta ba ni in riƙe. Sun tsaya sun kalla.

Mijin Yaya Fati kaɗai na gaya wa zancen bindigar.  Ya ce da tana hannunsa ma ba abin da za ta yi, ƙaramar aba irin wannan a gaban taro, sai dai ta ƙara musu haushi. Wataƙila gaskiyarsa ne. Wataƙila kuma da sun ji ƙara ɗaya a sama sun watse, ya samu ya taka turmin nan. Ni ban sani ba. Shi ma bai sani ba, ya dai faɗa ne don in ci abinci.

Ya ce in ba shi ya san yadda zai yi da ita. Na ƙi. Na shiga bayan gida na kwance lalitar, na jefa ta masai yadda take. Igiyar ta bar mini shaida a ƙugu, ta yi kwanaki kafin ta baje.

Maman Ladi ta koma garinsu da mijinta ya zo. Da za ta tafi ta rungume ni tana cewa na ceci 'yarta. 

Yanzu ina Wushishi wurin iyayena. Na gama takaba. In mangwaro ya faɗo a kan kwano sai in tsinci kaina a tsaye. In yara suna busa usur a filin makaranta sai in shiga ɗaki in rufe. Innata tana cewa da sannu zai wuce.

Sau ɗaya na koma Kpakungu. An yi wa gidan sabon kwano da sabon fenti, an zuba wasu 'yan haya. Mai gidan lafiyarsa ƙalau, aka ce ma ya ƙara gina wani. An janye gawar motar. Na tsaya a bakin shagon da ke kusurwa, masu shagon ba su gane ni ba, suna hira da wani baƙo. Suna lissafa abin da aka ƙona a layin: gida biyu, shago huɗu, mota ɗaya. Suka ce ai layin nan ya yi sa'a in aka kwatanta da wasu wurare, mutum ɗaya kawai aka rasa.

Haka ne. Ɗaya ne.