Lambar Kuramochi da allon ɗana

Kuramochi ya yi rayuwarsa yana koya wa yaran unguwarmu lissafi da soroban, katakon ƙidaya mai 'ya'yan carbi. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai tsawata wa, sai ya koma kan lambobi. Lambar motarka, lambar wayarka, kowace sai ya faɗa maka danginta, ko ba ka tambaya ba.

Akwai wadda ya fi so: 100010001. Mu a nan huɗu-huɗu muke yanka lambobi, don haka takan fito 1 0001 0001: ɗaya, ɗaya, ɗaya, a jere. Ka karanta ta daga dama ko daga hagu, duk abu guda ne. Ya kuma rantse ba ta rabuwa da komai sai da ɗaya da ita kanta. Shekaru ya kwashe yana gwada ta, matarsa tana ajiye masa shinkafa tana hucewa.

A haikalin unguwarmu ana rataye allunan lissafi a ƙarƙashin rufi. Bangon ya cika. Kuramochi ya sa aka sassaƙa masa allon lambarsa, ya zo taron kwamitin haikalin yana neman a sauke ɗaya don a rataya nasa. Wanda ya zaɓa na ɗana Tomohiro ne, da'ira biyu cikin alwatika, wanda ya rataya yana sakandare, kafin ciwon da ya ɗauke shi.

"Tawadar ta koɗe, Hoshikawa-san," ya ce mini. "Kuma, ki gafarce ni, aikin yara ne."

Shugaban kwamiti ya sunkuyar da kai, ya shiga juya kofin shayinsa.

Na ce, yadda muke kiran malami, "Sensei, da wace lamba ka fara gwajin?"

"Da ɗari da ɗaya. Marasa rabuwa kaɗai nake bi, na haura dubu tara."

"Na ƙasa da ɗari fa?"

Ya yi dariya. "Haba! Lamba mai wannan girma, ƙananan lambobi su taɓa ta? Wannan aikin 'yan firamare ne."

"To gwada uku."

Ya ciro soroban daga jaka don ya kunyata ni. Yatsunsa har yanzu suna da sauri, dole in faɗa. Kafin shayi ya huce suka tsaya: 33336667, babu saura.

"Gwada bakwai ma," in ji mai sayar da tofu, wato awara, daga bayan ɗaki. Shi zolaya yake yi, amma ita ma ta shiga.

Kuramochi bai ba da haƙuri ba. Ya gyara tabarau ya ce wannan ya nuna lambar mai karimci ce, tana karɓar kowa. Da wannan sabon matsayi ya sake neman bangon. Kwamiti ya ba shi wuri a rumfar kekuna.

Allon Tomohiro yana nan inda ya rataya shi, a ɗan karkace, don tsayinsa bai kai ba a lokacin. Ban bari kowa ya miƙar da shi ba.