Littattafan da Na Ajiye wa Gara

Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai ɗiya ɗaya a Talata Mafara. Ɗinki nake yi a cikin gida, maigidana kuma yana noman rani wajen Bakura. Mace ce ni mai tsananin tattali, har maƙwabta suna tsokanata wai ko allura ta karye mini sai na yi mata zaman makoki. Ban rubuto muku don a tausaya mini ba, abin ya riga ya wuce. So nake iyaye su ji yadda tattali ya ci ni.

A Maradun na tashi. Innarmu soyayyar gyaɗa take sayarwa, kuma kowa ya san da takarda ake ƙunsa ta. Ran kasuwa sai ta sayo ɗaurin tsofaffin littattafai da jaridu, ta zauna ta yayyaga su daidai ƙunshi, ni kuma in naɗa. Da na fara haɗa baƙi a firamare sai na riƙa karanta kowace takarda kafin in zuba mata gyaɗa. Nan na kamu da son karatu, amma ban taɓa ganin ƙarshen labari ko ɗaya ba. Ana kaiwa inda yaro ya leƙa rijiya sai takarda ta ƙare, sauran yana hannun wani mai saye can bakin tasha. Na taɓa bin wani dattijo har ƙofar masallaci ina roƙon ya ba ni takardarsa, shi kuwa ya aza gyaɗar nake son ƙwacewa. Inna ta ji labari ta ce in dai takarda zan ci in ƙoshi, to ta huta da dafa mini tuwo. Tun a lokacin na ƙudurta cewa in Allah ya ba ni ɗa, zai samu littafi cikakke daga bango zuwa bango, kuma ba mai yaga shi.

Allah ya ba ni ɗiya. Tun tana rarrafe nake sayen littattafan labarai masu hotuna, duk ran Talata in na aika sayen zare sai na haɗa da guda. Tana wajen shekara huɗu, wata safiya na fito na tarar da ita a bakin turke, hannu duk man ƙosai, ta yage shafi guda mai hoton akuya tana nuna wa akuyarmu. Ban tsaya jin komai ba. Abin da na gani kawai Inna ce zaune tana yaga, na kuwa yi wa yarinyar nan dukan da ya fi ƙarfin laifinta. Ran nan na tattara littattafan kaf na zuba a akwatin ƙarfe na aurena, na sa kwaɗo, na tura shi ɗakin ajiya jikin bango. Na gaya mata sai ta yi hankali za a buɗe.

Da farko takan tambaya. In ta matsa sai in ɗauko guda in riƙe da kaina, ita ta zauna nesa hannuwa a baya, in buɗe mata shafi biyu in mayar. Maigidana ya taɓa cewa in bar yarinya da kayanta, in ta yaga a sayi wani. Na ce masa shi da bai san zafin labari ya yanke a tsakiya ba ya yi shiru, ya kuwa yi. A hankali ta daina tambaya, ni kuma na ɗauka ladabi ne ya shige ta. Da kaka ta zo aka jibga buhunan shinkafa a kan akwatin, daga nan kowace shekara nan ne wurinsu.

Tana ajin ƙarshe na firamare malamarsu ta zo har gida. Bayan mun gama gaisawa ta ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, in an tsare ta tana karantawa, amma ba ta ɗaukar littafi don kanta. In an miƙa mata sai ta goge hannu a zane, ta riƙe shi da ɗan yatsa biyu, ta ajiye da zarar an kau da ido. Ta kuma gaya wa malamar cewa ba ta son zuwa sakandare, ɗinki take so. Ko a jikina. Na ce a raina ai maganin yana ɗakin ajiya, lokacin da nake jira ne ya zo.

Na kira yarinyar muka sauke buhuna, na buɗe kwaɗo da ƙyar. Ashe damina ta sa gindin akwatin ya yi tsatsa ya ɓule, gara ta shiga ta yi gida. Bangon littattafai yana nan, ciki kuwa ƙasa ce. Duk wanda na ɗaga sai ya zube a hannuna. Abin da muka tsinta bai wuce guntayen da nake naɗa gyaɗa da su ba, babu mai farko babu mai ƙarshe. Ni na zauna dirshan ina kuka, ita tana tsaye tana kallo kamar kayan maƙwabta ne suka lalace. Can ta ce, "Inna, wai dama nawa ne? Ni na aza na ajiya ne, kamar kwanonin aurenki." Ta ƙara da cewa na akuyar nan kaɗai take tunawa, kuma har yau ba ta san ko akuyar ta koma gida ba. Na buɗe baki zan gaya mata, don ni na karanta shi, ta ce in bar shi, ta girma.

Mun tura ta sakandare bisa tilas, ba ta kai ƙarshe ba ta dawo kan keken ɗinki. Yau ta fi ni iya ɗinki, tana ɗakin mijinta a Ruwan Gizo, lafiya lau, kuma ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Ƙanenta da na haifa daga baya a kan tabarma na zube masa littattafai. Ya yaga, ya shafa musu miya, ya tauna gefen wani, kuma shi ne yanzu sai an ƙwace littafi a hannunsa yake cin abinci. Ban ƙara masa komai ba, ƙyale shi kawai na yi.

Kwanan baya ta zo ganin gida da ɗanta mai rarrafe. Yaron ya jawo littafin kawunsa, ta yi wuf ta fizge ta ɗora can saman taga, ta ce zai yaga. Muryata na ji sak a bakinta. Na tashi na sauko da shi na mayar wa yaron, ta dube ni.

Abin da na fahimta shi ne yaro ba ya son abin da bai taɓa da hannunsa ba, kuma akwai shekarun da yake roƙon littafi da kansa, in suka wuce ba sa dawowa. Iyaye, ku bar littafi inda hannun yaro zai kai, ko da hannun da maiƙo. In ya yaga a liƙa, in ya ɓace a nemi wani, kada a dake shi a kansa. Ni na daki ɗiyata a kan shafi ɗaya, gara ta cinye sauran, kuma ba littattafan ne suka fi yi mini ciwo ba.