Tsufan da Na Saya a Jidda

Na haura hamsin kafin na mallaki jitar lantarki tawa ta kaina. Ranar da na kawo ta gida, sai da na naɗe akwatinta cikin tsohon bargo kafin na hau da ita benenmu a unguwar Ka'akiyya ta Makka, domin maƙwabcina na sama malami ne, kuma ya saba zama a bakin ƙofa bayan la'asar yana tambayar kowa abin da ya ɗauko. Ya dubi bargon, ya dube ni. Na ce kayan aiki ne. Gyaran mukayyif nake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago a unguwar Shisha, don haka bai ja maganar ba. Ya ɗora hannu a kan bargon ya ce Allah ya sa wa sana'a albarka, ni kuwa na amsa da amin har cikin raina.

Son abin ya shige ni tun ina koyon gyaran firiji a Sabon Garin Kano. Akwai otel a bayan shagon maigidana, makaɗansu sukan yi gwaji da rana tsaka. Mai jitarsu wani dogon mutum ne marar yawan magana. Jitarsa fara ce da ta daɗe har ta koma launin man shanu, fentin ya goge a inda damtsensa ke kwanciya, itacen ya fito. Shi ya nuna mini inda ake danna yatsu. Daga nan na yi ta rarrafe a kan jitocin aro, kuma bayan na zo Makka na sayi wata ta katako mai araha, wadda zafin garin ya lanƙwasa wa wuya.

Wata rana na je Jidda neman kayan gyara, sai na hango irin waccan ta Sabon Gari a rataye cikin wani shago. Launin nan ne, gogewar nan ce, har tsatsar kan kusoshi. Na tambayi mai shagon wane tsoho ne ya sayar masa da ita. Ya yi dariya ya ce sabuwa ce dal. Kamfanin ne ya sake ƙera samfurin wancan zamani, sannan ya zaunar da ma'aikata suna kankare fenti, suna dusashe farin, suna sa wa ƙarafan tsatsa, don ta yi kama da wadda aka daɗe ana kaɗawa. Kuma ta fi mai ƙyalli da ke kusa da ita tsada. Na san yadda wannan magana take a kunnen mai hankali. Ni ma mai hankali ne a sauran ranakun mako. Amma ya jona mini ita, na taɓa tsirkiya ɗaya, na ji amon nan mai tsami-tsami da zaƙi ya fito, sai ga ni tsaye a bayan otel da man inji a hannu. Kayan gyaran da na je nema sai a wani zuwan na saye su.

Mai ɗakina haifaffiyar unguwar Zahir ce a nan Makka, iyayenta ta Sudan suka biyo, kuma in abu ya ɗaure mata kai Larabci ne ke fara fita daga bakinta. Da na buɗe akwatin ta leƙa ta ce, "Esh hada? Haraj ka je?" Wato mene ne wannan; Haraj kuwa ita ce kasuwar tsofaffin kaya.

Na ce, "Sabuwa ce."

Ta ce, "Sabuwa fen? Ta ina? Wallahi tukunyata ta fi ta ƙuruciya."

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce tayyib, wato to shi ke nan, ta koma kicin, ina jin dariyarta ta cikin ƙarar famfo.

Duk da haka na ji daɗin jitar nan yadda ban taɓa jin daɗin wani abin da na saya ba. Ranar Juma'a in an ci abincin rana, sai in shiga ƙaramin ɗakin baƙi, in jona ta da 'yar sifikar da na haɗo da ita, in sa abin ji a kunne don kada malam ya ji albarkar da ya sa. Wuyanta ya cika tafin hannuna daidai. Yatsuna da suka saba da bututun tagulla suka yi ta tuntuɓe, daga baya suka tuna hanya. In aka kira salla in ajiye, in an idar in dawo. Mai ɗakina ta ce ba abin da ya fi ba ta dariya kamar ta leƙo ta ga ƙaton mutum mai furfura yana girgiza kai ido a rufe, ɗaki kuwa tsit.

A haka Yaya ta zo umara. Ita ce babbar 'yar'uwata, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da kuɗin wainar da take soyawa a ƙofar gida. Tun zuwana Makka kullum muka yi waya sai ta tambaya ko ina cin abinci, in ce lafiya lau, ita kuwa ba ta yarda. Tana sauka daga mota ta kama damtsena ta matsa, kamar mai tayin rago, ta ce, "Auta, abu biyu suka kawo ni. In ga ɗakin Allah, in kuma ga yadda kake da idona."

Duk wanda ya zauna a Makka ya san baƙon gida ba ibada kaɗai yake zuwa yi ba. Yana duba labule, yana duba firiji, yana duba wuyan matar gida, domin in ya koma za a tambaye shi. Kwanakin farko mun ci jarrabawa. Yaya ta yi ɗawafinta, ta sha zamzam, ta yaba kabsar mai ɗakina, shinkafa da nama irin na Larabawa, har ta nemi ƙari. Sai ranar da ta ce ba za ta zauna ana yi mata shara ba, ta sa tsintsiya ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi, ta jawo akwatin.

Ta buɗe ta gani, ta mayar da shi inda yake. Amma daga ranar nama ya fara damun haƙorinta. In aka zuba mata sai ta ture shi gefen faranti ta ce ta ƙoshi. Shayi ta ce ba ta son madara. Mukayyif kuwa, a gidan mai gyaran mukayyif, cikin zafin da ke narka takalmin roba, ta ce a kashe, yana sa mata ciwon gwiwa. Sai in same ta zaune tana fifita da murfin kwali, gumi yana bin wuyanta.

Wannan "na ƙoshi" na san shi. Shi take faɗa muna yara, ranar da waina ba ta yi kasuwa ba, ta tura mini kwanon ta ce ita ta ci a wurin suya. Na ji tsoro ƙwarai da na sake jin sa a gidana.

Mai ɗakina ce ta lallaɓa ta ta ji dalili, ta zo ta faɗa mini. Lissafin Yaya ba shi da gyara. Ƙanenta tun yana yaro yake son wannan abin kiɗa. Da yana da hali, sabo zai saya. Tunda har ya je bola ya tsinto wanda wani ya gama da shi, ya kuma ɓoye ƙarƙashin gado don kunya, to kujerun falo ma aro ne, an aro don zuwanta kamar yadda ake yi a gida in za a yi baƙi, naman kuma na rufin asiri ne. Ita kuwa ba za ta zo ta cinye ɗan abin da ƙanenta ya tara ba.

Na rasa ta inda zan kama. In na yi shiru, za ta koma gida da yunwa da baƙin cikin cewa na ƙare a wahala a ƙasar mutane, kuma a shekarunta ba na jin za ta sake zuwa ta ga akasin haka. In na faɗi gaskiya, za ta san ta raini mutumin da ke biyan ƙarin kuɗi a lalata masa kaya. Ko talaka ko wawa, sai na zaɓi wanda za ta tafi da shi. Na ce bari in yi tunani zuwa Juma'a.

Yaya ba ta jira Juma'a ba. Ranar Laraba mai ɗakina ta je Zahir duba mahaifiyarta, ni ina Shisha. Da na dawo da yamma na tarar da Yaya a falo, ta shimfiɗa jarida, jitar tana kwance a kan cinyarta. Ga soson ƙarfe, ga ɓawon lemun tsami, ga garin sabulu a murfin kwalba, ga man zaitun. Kusoshin nan da ma'aikatan kamfani suka ɓata lokaci suna sa wa tsatsa suna ta walƙiya kamar cokulan amarya. Launin man shanu ya koma farin faranti a wasu wurare, a wasu wuraren ya ƙi, ya zama dabbare-dabbare. Inda itace ya fito ta shafe shi da mai har yana sheƙi. Duk fuskar jitar zanen soso ne, zagaye-zagaye, yadda ake yi wa bayan tukunya.

Ta ɗago ta ce, "Da akwai toka a garin nan da ta fi haka fita. Amma yanzu ko baƙo ya gani ba za ka ji kunya ba."

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Na tsaya da jakar aiki a hannu. Sai idona ya kai kan yatsunta. Lemun tsami da soso sun yi musu ja, ɗaya har ya tsage. Tun hantsi take kai.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ce, "Yaya, sabuwa ce. A shago na saye ta a Jidda. Dattin nan da kika wanke, da shi ake sayar da ita."

Ta ce, "Kada ka yi mini ƙarya, Auta."

"Ba ƙarya ba ce. Akwai mai ƙyalli a kusa da ita, na bar ta na ɗauki wannan. Wannan ta fi tsada."

"Don me?"

"Don ta yi kama da tsohuwa."

Ta dubi jitar, ta dube ni. Mai ɗakina ta shigo ana haka, ta ga jitar, ta toshe baki da gefen abaya. Yaya ta juya gare ta ta ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah, gaskiya yake faɗa?"

Ta ce, "Wallahi Yaya sahih ne. Ni ma da farko na ɗauka Haraj ya je. Haka Allah ya yi shi."

Yaya ta ajiye soson a hankali. Ta ce, "Wato har tsufan ma saye ka yi. Da ka faɗa mini ai da na taho maka da nawa kyauta, ya yi mini yawa." Sannan ta ce, "Kujerun nan fa?"

Na ce nawa ne.

"To jona abin in ji abin da ya raba ka da hankalinka."

Na ce malam yana sama. Ta ce malam ya taɓa riƙon maraya? Na ɗauko sifikar, na cire abin ji a kunne, na rage murya. Da farko sai tartsatsi take yi, don ruwan lemun tsami ya shiga inda bai kamata ba. Daga baya amon ya fito, bai canja ba ko kaɗan. Na kaɗa mata abin da na iya, ina kuskure ina gyarawa. Ban taɓa kaɗa wa wani mahaluki a fili ba sai ranar. Ta jingina da kujera, tana bin yatsuna da ido, ba ta girgiza kai ba, ba ta yaba ba. Da na tsaya sai na ga tana share ido da bakin mayafi.

Ta ce, "Ba daɗin kiɗan ba ne, kada kanka ya kumbura. Mutumin da ke da lokacin wannan shirme ba ya cikin wahala. Shi ke nan abin da na zo gani." Sannan ta ce wa mai ɗakina a kunna mukayyif, gwiwar ta yi sauƙi, kuma in akwai sauran naman jiya a ɗumama.

Da ta koma gida, labarin da ta bayar ya riga ni isa ko'ina. Duk wanda ya kira ni daga Kano sai ya fara da dariya. Wai ta ce Auta ya yi arzikin da har ya fara taɓuwa, a taya ta godiya ga Allah, a kuma taya shi da addu'a. Tun daga lokacin, in muka yi waya ba ta sake tambayata ko ina cin abinci ba. Sai dai ta ce, "Ya tsohuwar taka?"

Na taɓa kai jitar Jidda a canja mata tsirkiya. Mai shagon ya juya ta gaba da baya, ya riƙe kai, ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Ya ce zai iya yi mini odar wasu kusoshin masu tsatsa, ya kuma san mai iya ɓatar da zanen soson. Na ce zan yi shawara. Kafin in sake komawa Jidda aka kira ni da hantsi, ina kan tsani a wani gida a Shisha, aka ce Yaya ta rasu. Da na koma shagon daga baya ya tuna mini maganar kusoshin. Na ce ya sa tsirkiya kawai, kada ya taɓa sauran.