Ranar da Na Ture Mai Keke a Hanyar Idu

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina tuƙin babbar mota, ba zan manta da wata safiyar Talata a hanyar Idu ba. Lokacin siminti da rodi nake ɗauka daga Dei-Dei ina kai wa masu gini. Maganar gaskiya, a wancan zamanin ban ɗauki mai keke a bakin komai ba. Oda ɗaya nake danna masa, in ya kauce to, in bai kauce ba ruwansa.

An yi ruwa da asuba, gefen titi duk taɓo. Na hango wani dattijo bisa keke, da kular abinci ɗaure a baya. Ya ɗan hau kwalta don ya kauce wa ruwan da ya kwanta. Maimakon in rage gudu, sai na matse shi na wuce, gefen bodi ya goge shi. Ta madubi na ga keken ya wuntsila, mutumin ya faɗa kwata.

Na taka birki, amma na kasa sauka. Salati kawai nake yi, ina tunanin 'ya'yan da na mayar marayu ban ko san su ba. Da ƙyar na taka zuwa wurin, mutane har sun fara taruwa.

Sai na same shi zaune a bakin kwata, gwiwarsa na jini, yana laluben tabarau cikin taɓo. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana motsi kamar ranar ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya dube ni, ya ce da irin Hausarsa, "Oga direba, ina kake so in bi? Hanya naka ne, gefe na ruwa ne. Ni kuma aiki zan je."

Na kai shi asibiti, aka yi hoto, babu karaya. Ashe mai gadi ne a wani kamfani, mutumin Filato. Da ya ga har lokacin hankalina bai kwanta ba, shi ya koma lallashina, yana cewa Allah ya tsare mu mu biyu.

Shekaru bayan haka aka kawo magana a taron direbobinmu, wai ana son doka ta tilasta mana ba masu keke da masu tafiya a ƙasa tazara. Wuri ya kaure, kowa na cewa takura ce. Na miƙe na ce ina goyon baya. Wani abokina ya ce, "Malam, ko keke za ka koma?" Aka yi dariya. Na jira suka gama, sannan na ba su labarin nan.

Abin da na koya shi ne, bai kamata ran mai keke ya rataya ga halin da direba ya tashi da shi ba. Wanda tausayi bai sa ya taka birki ba, to doka ta sa shi.