Rawayar Yatsun Yaya Hauwa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Dakta Hauwa, amma har yau in na auna wa mai saye kurkur a rumfarmu ta Kasuwar Kurmi, yatsunta nake tunawa. Kullum rawaya suke. Matan unguwar Mandawari har tsokanarta suke yi, wai lalle ya gagare ta, ta koma ƙunshi da kayan miya.

A rumfar nan ta Baba muka taso. Ni na gaji awo, ita kuwa ta ɗauki kurkur ɗin ta shiga da shi ɗakin bincike na jami'a. Abin da take bi shi ne yadda sinadarin da ke ba shi launi yake manne wa DNA, zaren nan da ke ɗauke da gadon halittar mutum. Da ta ga bayanin ya sha mini kai, sai ta jawo igiyar guga ta barbaɗa mata garin. Ya bi kwarin murɗin ya kwanta. Ta ce, "Ka ga yadda yake samun wurin zama. Amma fa a kwalbar gwaji na gani, Sani, ba a jikin mutum ba. Kada in ji ka a kasuwa kana cewa na gano magani."

Yau buɗe wayarka ka sha kallo. Kowa ya zama likita, ana ta rantsuwa kurkur na kashe ciwon daji. Da tana raye ranta zai ɓaci, kuma na san sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bayani, don ba ta gajiya.

Kwanan baya Hajiya Rabi, ƙawar Yaya tun suna Islamiyya, ta zo rumfa. Cikin kunya ta rage murya, ta ce ta ji ƙullutu a ƙirjinta, asibiti kuma tsoro yake ba ta, in auna mata mudu guda, ai Hauwa ce ta bincike shi. Tausayinta ya kama ni, don yardar da ta yi wa Hauwa ce ta kawo ta. Na ce, "Hajiya, na miya zan ba ki. Wannan kuwa, wallahi da Yaya na nan, da hannu za ta ja ki wurin likita."

Idonta ya ciko, amma ta yarda. Washegari maiɗakina ta raka ta asibiti. Yanzu sakamako muke jira, muna addu'a.

Gadon da Yaya ta bar mini ke nan: in san inda sanina ya ƙare, in tsaya a nan. Kewarta na damuna. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya ba ƙawarta lafiya.