Lofen Des

A garinmu Cygnet, bakin kogin Huon, kowa ya san Glenys Pascoe. Ta yi ƙuruciyarta tana cusa tuffa a akwati, ta tsufa tana yi wa mutane faɗa. Abin da ta iya fiye da kowa shi ne tuƙa ƙaramin jirginta mai filafili, wannan ƙyallen da iska ke turawa. Mijinta Des kuwa zama kawai yake yi a tsakiyar jirgin kamar buhun dankali, yana zuƙar lofensa, ita tana mita.

Bara Des ya rasu, aka kuma yi wa Glenys tiyata a ƙugu. 'Yarta Narelle ta zo daga Hobart da maganar sayar da jirgin. Suka yi ta ja-in-ja, har suka tsaya a kan sharaɗi: duk ranar da aka jawo Glenys gida da igiya, ta bar ruwa ke nan. Ni ne mai jirgin injin da ke jawo waɗanda suka maƙale, saboda haka igiyar a hannuna take, kuma ban ji daɗin haka ba.

Wata Asabar da rana iska ta ɗauke ɗif. Kogin ya kwanta kamar faranti. Na jawo samari masu taƙama ɗaya bayan ɗaya, saura Glenys can nesa, ruwa na janta nesa da gari a hankali. Narelle na tsaye a bakin gaɓa ta riƙe ƙugu.

Na matsa kusa na kashe injin. "Glenys, in jefo igiya?"

"Jefo ta a wuyanka," in ji ta. "Matsa can, kana kaɗa mini ruwa."

'Yar iskar da ta rage daga gari take fitowa, jirgi kuma ba ya shiga iska kai tsaye, sai an yi ta karkata dama da hagu. A wajen juyawar ake faɗuwa. Ka tura sandar tuƙi da ƙarfi, jirgi ya tsaya cak, ƙyalle ya yi laƙwas. Ga shi ba ta ma san ta ina iskar take ba, don zaren da ta ɗaura a jirgin saboda ya nuna mata iska ya rataya kamar matacce.

Sai na ga ta laluba aljihun rigar ruwa. Ta Des ce. Ta ciro lofe, ta kunna, ta zuƙa. Matar da ba ta taɓa sa taba a baki ba, sai ga ta tana tari har na ji tausayinta. Amma hayaƙin ya tashi, ya ɗan yi jim, ya kwanta hagu.

Ta kalle shi. Ta tura sandar kaɗan-kaɗan, ta jingina jikinta har jirgin ya karkata, ta jira hancinsa ya ƙetare iskar. Sannan ta sunkuya ƙarƙashin ƙyallen da wannan ƙugu nata, tana cije baki, ta zauna ɗaya gefen a hankali. Jirgin ya miƙe, ƙyallen ya cika, ruwa ya fara 'yar ƙara a ƙasansa. Haka ta yi ta yi, zuƙa, tari, juyawa, ni ina biye daga nesa, igiyata a naɗe.

Da ta taɓa gaɓa fuskarta ta yi fari fat. Narelle ta shigo ruwa da takalmanta.

"Mama, kin ga yadda kika koma kuwa? Wannan ai..." Warin tabar babanta ne ya bugi hancinta.

Glenys ta ƙwanƙwasa lofen a gefen jirgi, tokar ta zube.

"Tun da muka yi aure nake ce masa ba ya tsinana komai a jirgin nan," ta ce. "Ashe shi ke nuna mini iska. Riƙe mini gaban, Narelle, ƙafata ta sage."

Narelle ta riƙe, tana kuka. Jirgin yana nan a rumfarsa, gobe ma Glenys za ta fita.